Neman Kirya Bayan Gulbin Ka

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba itace saiwa tun kafin ya ba mutum gatari.

Tun da na dawo daga kudu ban sami sakat ba. A ƙofar masallaci, a kasuwar Tambuwal, har a wurin jana'iza sai wani ya matso ya ce, "Arzika, wai da gaske ne ka ga wutar da ke zuga kanta?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya ji sai ya ƙara nasa gishiri. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru, da ɗan karatun da nake da shi. Amma ba zan fara da hanya ba, sai na fara da abin da ya fitar da ni, abin da na so a ce ban taɓa yi ba.

Ni mai ƙona gawayi ne, a wani ƙauye kusa da Jabo. Maƙera ba su son kowane gawayi sai na kirya, don shi ne mai ƙarfin da ke sa ƙarfe ya yi laushi. Mahaifina yana sare kirya ya bar kututturen a ƙasa ya wuce. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, na ɗauka tsufa ne ya hana shi tono. Da ya rasu na gano gawayin saiwa ya fi na reshe nauyi da daɗewa a wuta. Sai na shiga tonon kututture, in fitar da shi har ƙarshen saiwarsa in ƙona. Maƙera suka yi ta yabona, ana kirana Arzika Ci-da-saiwa, ina jin daɗi. Sauran masu gawayi suka bi sawuna. Ko lokacin da gatari ya goce ya sare ni a ƙafa a Tudun Gabas, 'yata Hakika tana goye, ban ɗauki darasi ba. Aka ce aljannun wurin ne suka juya gatarin, kowa ya ƙaurace wa tudun, ni kuwa da na warke na koma wani daji da ɗingishina na ci gaba. Kafin furfura ta gama cin kaina, mutum zai yi tafiyar yini a ƙasarmu bai ga kirya ba, sai ramukana.

Bayan an ɗauke amfanin gona bara, Sarkin Maƙera Bawa ya aiko kirana. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, kuma ɗansa ne ke auren Hakika. Na same shi ya zuba gawayin da na kai masa a gaban uwar maƙera, yana murƙushe shi da yatsa.

"Arzika, wanga mi ne ne?"

"Gawayi ne, Sarki."

"Gawayin sabara. Wanga ko kunu ba shi dafawa, balle ƙarfen kalme." Ya share hannunsa a walki. "Tashi za mu yi, ni da ɗiyana duka. Kafin ruwa ya sauka mun bar garinga, mu bi kirya inda take."

Na san abin da wannan ke nufi. Gari ba maƙera, damina ta zo ba mai gyara galma. Kuma Hakika da jikokina suna cikin kayan da za a ɗaure. Na ce ya ba ni lokaci in je in nemo.

"Je ka," in ji shi. "Amma kar ka kawo min na shekara guda ka ce ka yi aiki. Nuna min abin da jikokinmu za su ƙona. In hadarin fari ya taso ba ka nuna min ba, sai dai ka ishe kango."

Na nemi Altine, wani Bazamfare mai jakai, mutum mai baki kamar reza, muka shirya zai raka ni ya sami rabo a gawayin. Muka bi ayarin da ke fita daga Tambuwal zuwa Kebbe. Saboda ƙafata ya ba ni wani aurakin jaki, ya rantse ya fi doki ladabi. Ba mu yi nisa ba jakin ya ga rairayi mai laushi, ya kwanta ya yi birgima da ni a kansa. Fatake suka yi ta dariya. Altine ya ce, "Ka gani, Baba? Ya ji nauyin zunubin itatuwa."

Wannan birgima ta sa ayari ya bar mu, muka sauka a wata ruga. Uwar gidan, wata dattijuwar Bafulatana, ta ba mu fura da nono mai kauri, sannan ta ɗora tukunya. Na duba murhun ban ga itace ko ɗaya ba. Kandilo ne, busasshen kashin shanu, ta jera shi yana ci a hankali ba hayaniya. Ban san na yatsine fuska ba sai da ta ce, "Kaɗo, hancinka ya fi cikinka girma?"

Na ce, "Inna, ni mai gawayi ne, ban saba ganin ana dafa tuwo da wannan ba."

"To mai gawayi, itacen da ka sare jiya, yau da safe ya sake ba ka?"

Na ce a'a.

"Ni shanuna kullum safiya sai sun ba ni. Su ci ciyawa, rana ta busar min, in dafa. Ciyawa ta sake fitowa." Ta miƙo min ƙwarya. "Ci, ba a cikin miyar na sa ba."

Na ci, kuma tuwon bai da wani wari. Da za mu tafi, na ratsa ta tsohuwar makwantar shanunsu, na ga wasu 'yan tsirrai masu ƙananan ganye sun fito daga cikin taki. Na tsuguna na duba, kirya ce. Na yi mamaki, don ni na sha binne ƙwayar kirya a bayan gida ba ta taɓa fitowa ba. Altine yana kira, na tashi na bar abin a raina.

A Kebbe mun sauka gidan wani fatoma mai yawan magana, wanda ya sa mu a ɗaki guda da buhunan daddawa. Har yau in na sa rigar nan kuliyoyi na bina. Amma abinci kam ba laifi, tuwon dawa da miyar kifi, irin wadda a garinmu sai mai jego ke gani. Abin da ya ja hankalina shi ne rufin gidajensu. Ko'ina shanya ce: kifi an tsaga, kuɓewa, yakuwa, nama. Matar fatoman ta ce ita ba ta ɓata itace wajen abin da rana za ta yi mata a banza. Mu a gida mun san shanya, amma da yake gawayi ya yi mana yawa a da, har abin da ba ya bukatar wuta muna kai shi wuta. Na tambayi fatoman kirya. Ya ce tasu ma ta ja baya, in ina son ganin ta tsaye kamar runduna sai na ƙetare Gulbin Zamfara, in ci gaba har in ƙetare Gulbin Ka, in shiga ƙasar Dakarkari. Ya kuma ce in yi hankali, can ba ƙasar Sarkin Musulmi ba ce, kowane dutse da mai shi.

Gulbin Zamfara yana da sauran ruwa a lokacin. Mai fiton, wani Basarke siriri, ya sa mu a jirgi, jakai suna iyo a gefe an riƙe igiyoyinsu. Maimakon ya nufi mashigin da ke gabanmu, sai ya tura jirgin ya yi sama da bakin gaɓa, yana nisanta da inda za mu. Na ɗauka bai ji ba. Da muka shiga tsakiya ruwa ya fara jan mu, tsoro ya kama ni, na ɗauki filafili na shiga tuƙi da ƙarfina. Jirgi ya juya, auraki ya sha ruwa, hular Altine ta faɗa gulbi.

"Tsoho, ajiye," in ji mai fito. "Wa ya ɗauke ka aiki?"

"Ruwa zai tafi da mu."

"Awo, shi nika so. Na hau sama ne don shi sauko da mu. Zauna ka ga bawan da ba a ciyarwa."

Na ajiye. Ya sa bakin filafilinsa kaɗan a ruwa, gulbin da kansa ya ɗauke mu ya dire daidai mashigin. Ko gumi bai yi ba. Ni da na tuƙa ne nake haki.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa, itatuwa suna yawa, garuruwa suna raguwa. Gulbin Ka mun ratsa shi da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Muna hawa gaɓa wasu maza suka fito daga bayan duwatsu da baka da kibau, suka tsaya a hanya. Na fara karanto duk addu'ar da na sani. Babbansu ya tambaya da Hausa daga ina. Kafin in buɗe baki Altine ya amsa, kuma da jin harshensa mutumin ya sauke baka, fuskarsa ta washe.

"Bazamfare ne. Ku zo ku ga bawana ya kawo kansa."

"Wa ne bawanka?" in ji Altine. "Kai da kakana ya saya da ƙwaryar gero, gero ma mai tsakuwa."

Suka fashe da dariya. Ashe tsakanin Zamfarawa da Dakarkari akwai wasa tun na kakanni, ba a faɗa, sai zagi da raha. Suka ce kuɗin shiga ƙasarsu shi ne hular Bazamfare. Altine ya ce gulbi ya riga su. Sai suka karɓi takalmansa, suka ba shi wasu da suka fi nasa kyau, suka raka mu har gari. Ni da na yi ta ƙorafin bakin Altine tun daga Tambuwal, ranar na gode wa Allah da ya yi shi da shi.

An sauke mu gidan mai narkar da tama na garin. Sunansa na gaskiya ya fi ƙarfin harshena, na riƙa ce masa Maitama, yana amsawa. Mutane ne masu noma kamar ba su san gajiya ba, saurayi a can sai ya yi wa gidan surukansa noma shekaru kafin a ba shi mata. Na ce a raina da haka ake a garinmu, da rabin samarinmu sun tsufa gwauraye. Sun san ba ma shan abin da suke sha, ba su matsa mana ba, suka ba mu kunun dawa da zuma, suka nuna mana inda za mu yi salla.

Da safe Maitama ya kai ni inda suke narkar da tama. Tanderun yumɓu ne dogo, ya fi mutum tsawo, an gina shi a wani lungu tsakanin duwatsu biyu. Wuta tana ruri a cikinsa har ƙasa na rawa. Na zagaya ina neman masu zuga, don a garinmu ƙaramar wutar maƙera ma sai an sa ƙato ya yini yana danna zugazugi. Ban ga kowa ba, sai mutane zaune a inuwa suna cin gyaɗa.

Na ce, "Ina mai zugar?"

Maitama ya kama hannuna ya kai gindin tanderun. An jera bututun yumɓu kewaye da shi. Na ji iska tana shiga ciki da ƙarfi har tana jan hannun rigata.

"Ga shi nan," in ji shi. "Daga tsakanin duwatsun nan yake zuwa. Wuta ta ja shi ta ƙasa, ya fita ta sama. Ba ya neman tuwo, ba ya cewa kafaɗarsa na ciwo. Aikinmu mu san inda yake bi, mu gina a nan."

To, masu tambaya, ga amsarku. Na gani da idona.

Amma ba wannan ne babban abin ba. Na faɗa masa bukatata, ya yi shawara da dattawa, suka yarda in sari kirya a wani yanki da suka nuna. Da na shiga dajin sai da hawaye ya zo min, don tun ina saurayi rabona da ganin kirya haka. Na kayar da ta farko. Sannan, ba tare da wani tunani ba, hannuna ya yi abin da ya saba: na ɗauki magirbi na shiga tonon gindinta.

Ban yi nisa ba na ji an fizge magirbin ta baya. Matar Maitama ce, ta zo ɗibar itace. Ta yi ta faɗa da harshensu, mutane suka taru, fuskokin da suka yi mana dariya jiya duk sun ɗaure. Altine ya gwada wasa, ba wanda ya kula shi. Maitama ya iso ya dubi ramin, ya dube ni.

"Baƙo, in an ba ka nono, sai ka yanka saniyar?"

Na ce saiwa ta fi gawayi mai kyau.

"Mun sani. Mu ma muna da hannu. Haka kake yi a garinku?"

Na ce haka.

"To shi ya sa ka zo nan da tsufanka a kan jaki."

Suka sa na mayar da ƙasar da hannuna, na danne, matar tana tsaye a kaina har na gama. Sannan Maitama ya ce in biyo shi. Ya kai ni yankin da suka sara bara. Kowane kututture yana nan iya gwiwa, an sare shi a karkace don kada ruwa ya kwanta a kansa ya ruɓe, an lulluɓe shi da ƙaya saboda awaki, kuma kowanne ya fitar da toho kewaye da shi. Ya kai ni na gaba, tohon ya kai tsayin mutum. Na gaba da shi kuma sun yi kaurin taɓarya. Ya ce ba su komawa yanki sai yaron da aka haifa shekarar saransa ya isa riƙe fartanya. Kafin su zagayo, na farko ya sake zama daji. Tun kakanninsu suke narkar da tama a nan, dajin bai san an taɓa shi ba.

Na tambaye shi ƙwayar da ba ta fitowa. Ya ce ɓawonta ya yi tauri, sai ta bi ta cikin saniya tukuna. Nan take na tuna makwantar shanun dattijuwar nan. Na zauna a kan dutse, abubuwan da na gani a hanya suka dawo min: murhunta, rufin Kebbe, jirgin Basarke, tanderun da ke bayana. Duk mutanen nan suna cin abin da Allah ke mayarwa kullum, suna barin masa hanyar dawowa. Kirya ma haka take, kamar rana da iska da gulbi, in dai an bar mata saiwa. Ni kaɗai na mai da ita abin da ke ƙarewa. Na tuna mahaifina yana wuce kututture, na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mun zauna muna ƙona gawayi har zafi ya fara. Muka cika mangaloli, na ɗauki taiki guda na 'ya'yan kirya, matar Maitama da kanta ta ƙara min. A dawowa da ƙafa na zo, don auraki ya sami kayan da suka fi ni daraja.

Mun iso gida sama ta fara haɗa gajimare. Na tarar an kwance rumfar maƙera rabi, Hakika ta jera tukwanenta a raga. Bawa ya ɗauki gawayin ya buga biyu, suka yi ƙara kamar ƙarfe. Ya jinjina kai.

"Kirya ce. Amma wanga na bana ne. Na baɗi fa?"

Na kwashe duk abin da na gani na faɗa masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Labari mai daɗi," in ji shi. "Amma kai ba ka bar kututture ko guda a ƙasarga ba, kuma ƙwayar da ke cikin taikinka sai jikan jikana. Ba ni ɗaure ɗiyana a kan labari."

Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai, idona ya sauka kan tabon ƙafata. Sai na tuna. Ranar da gatari ya sare ni a Tudun Gabas na riga na kayar da itatuwan wurin, tono ne ban kai ga yi ba. Aka ɗauko ni a kan ƙyaure, kuma tun ranar ba mai gatarin da ya sake taka tudun.

Na ce, "Sarki, taso mu je Tudun Gabas."

"Wurin aljannu?"

"In suna nan, ni suka sani."

Muka tafi, mutane suka biyo mu daga nesa-nesa. Muka ratsa fako, ramukana a dama da hagu, ba ko inuwar da kare zai kwanta. Muna hawa tudun muka shiga duhuwa. Kowane kututturen da na bari ya haifi itatuwa uku, wani fuɗu, kowanne ya fi cinyar mutum kauri, 'ya'yansu zube a ƙasa. Bawa ya matsa kusa da itatuwan. Ya karɓi gatarina ya sari ɗaya, jar zuciyar kirya ta bayyana. Ya sa hanci ya sansana. Sannan ya juyo.

"Arzika, ashe ciwon ƙafarka ya fi ka hankali."

Ya ɗaga murya ya ce wa ɗansa ya koma ya mayar da rumfa.

Ranar da aka sake hura wutar maƙera mata sun yi guɗa, Hakika ta kwance tukwanenta ta dafa wa Altine kaza. Maigari ya sa aka yi shela: an raba Tudun Gabas yanki-yanki, sara iya gwiwa, a rufe da ƙaya, wanda ya tona kututture ya bar garin. Gawayin da muka kawo ya fitar da mu damina. Fulanin da ke kusa sun yarda su kwantar da shanunsu a fakon ramukana, muna zuba musu 'ya'yan kirya, kuma bana na ga tsirrai a cikin ramukan da na haƙa da hannuna. Ba zan ga girmansu ba, amma jikana zai gani. Bawa har ya fara yawo yana jiƙa yatsa yana neman inda iska ke bi, wai zai huta da ciyar da mai zuga.

Wannan shi ne labarin. Ku yi dariyar jakin, ku yi ta hular Altine, ban hana ba. Abu ɗaya nake roƙo ga duk wanda ya karanta ko aka karanta masa. Sai da gatari ya sare ni kafin daji guda ya tsira daga hannuna, kuma ba kowane gari ne zai sami irin wannan sa'a ba. In ka kayar da itace, hannunka ya kai ga magirbi, ka tuna da Arzika, ka bar saiwar a ƙasa.